Koyar da Turanci a Biyetnam a Matsayin Mai Neman Sanin Makamar Aiki: Me Zan Tarar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na yi digiri a fannin Turanci, na gama bautar ƙasa, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Na ga tallar wani shiri na wata biyar: ka biya kuɗi, su ba ka horo, su kai ka Biyetnam ka koyar da 'yan makaranta Turanci, su ba ka masauki da alawus. Yaya rayuwar take a zahiri? Ka ba ni shawara in je ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Na koyar a makarantun gwamnati da cibiyoyin darasin yamma a Biyetnam, daga baya kuma aka ɗora mini aikin shiga aji in duba sababbin malamai, irin waɗanda ake kawowa ta shirin da ka gani. Saboda haka abin da ke ƙasa zan gaya maka, ba abin da ke cikin talla ba.

Aikin na gaskiya ne, ana yin sa, kuma mutane da yawa ta nan suka fara har suka zauna da gindinsu. Amma in lissafinka shi ne cikin wata biyar ka fara turo kuɗi gida, ajiye wannan lissafin tun yanzu. Abin da shirin zai iya ba ka shi ne sanin yadda ake riƙe aji a ƙasar da ba ka jin yarenta, da kuma ƙofar shiga kasuwar. Shi ma sai in takardunka sun cika, kuma ga mai fasfo ɗin Najeriya a nan gizo ke saƙa.

Bari mu fara da wanda zai biya ka, domin shi ne zai fayyace maka sauran. Tun 2008 gwamnatin Biyetnam ta ƙaddamar da babban shirin koyar da harsunan waje a makarantu, wanda aka fi sani da shirin 2020, daga baya aka ƙara masa wa'adi zuwa 2025. Manhajar da aka amince da ita a 2018 ta wajabta koyon harshen waje daga aji uku na firamare, kuma kusan kowa Turanci yake ɗauka. A 2024 shugabannin jam'iyyar kwaminis mai mulki suka ce suna so sannu a hankali Turanci ya zama harshe na biyu a makarantu. Ƙasa ce mai mutum sama da miliyan 100, masana'antun Samsung da makamantansu sun yi kaka-gida a cikinta, jami'o'i da dama kuma suna duba sakamakon IELTS, wato jarrabawar auna ƙwarewa a Turanci, wajen ba da gurbi. Iyaye sun ga inda aka dosa, sai suka buɗe bakin aljihu.

To amma malaman ƙasar su ne ke koyar da nahawu da karatu da duk abin da zai fito a jarrabawa. Kai baƙo an kawo ka ne don yara su ji Turanci a bakin wanda ba zai iya juyawa ya yi musu bayani da yarensu ba, su kuma su buɗe baki su yi magana. Darasinka ƙari ne, sau ɗaya ko sau biyu a mako ga kowane aji, kuma galibi iyaye ne ke biyan kuɗinsa daban. Makaranta ba ta ɗaukar ka kai tsaye. Kwangila take bai wa wani kamfani ko wata cibiya, su kuma su turo ka. Kamfanin ne ubangidanka. Shi ya sa za ka iya samun kanka da safe a wata firamare, da rana a wata ƙaramar sakandare can wata unguwa, ranar Asabar kuma a cibiya tare da 'yan shekara biyar. A mako guda za ka ga ɗaruruwan fuskoki, kuma shugabar makarantar ma mai yiwuwa ba za ta riƙe sunanka ba.

Shirin da ka gani kusan duk tsarinsu ɗaya. Ka biya, ka yi kwas ɗin TEFL, wato na koyon koyar da Turanci ga waɗanda ba harshensu ba ne, na awa 120 ta intanet, a tarbe ka a Hanoi ko birnin Ho Chi Minh wanda har yau mutanensa ke kira Saigon, a yi muku kamar mako guda na gabatarwa, sannan a rarraba ku. Ana ɗiba ne wajen watan Agusta, gabanin buɗe makarantu ranar 5 ga Satumba, da kuma farkon shekara. Ba lallai a bar ka a babban birni ba. Ana iya tura ka Hai Phong ko wani garin lardi da za ka yi kwanaki ba ka ga wani baƙo ba. Masauki na haɗaka ne da sauran 'yan shirin. Alawus ɗin da na saba gani yana tsakanin dala 600 zuwa 800 a wata, alhali cikakken malami mai kwantiragi yana iya samun ninkinsa ko fiye. Aikin kuwa iri ɗaya ne sak. Wannan ratar, haɗe da kuɗin da ka biya tun farko, ita ce ribarsu, kuma ni ban ga laifinta ba matuƙar sun ba ka abin da ka saya, wato wani gogaggen malami ya shiga ajinka ya zauna a baya, ya kalle ka, bayan an tashi ya gaya maka inda ka yi daidai da inda ka kauce. Shirye-shirye da yawa ba sa yin haka. Su miƙa maka littafi da jadawali su ce Allah ya ba da sa'a.

Yanzu takardu. Kafin ka biya ko sisi, ka rubuta musu ka tambaya a fili: kuna ɗaukar mai fasfo ɗin Najeriya? Da yawansu fasfo bakwai kawai suke kallo a matsayin na masu harshen: Birtaniya, Amurka, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Ireland da Afirka ta Kudu. Cewa Turanci ne harshen hukuma a Najeriya, da shi ka yi karatu tun firamare, ba ya shiga kunnensu. Dokar ƙasar ba ta hana ka ba. Ƙa'idar da ma'aikatar iliminsu ta fitar a 2018 kan cibiyoyin koyon harshe ta yarda baƙon da ba harshen uwarsa ba ne ya koyar, in yana da shaidar karatun gaba da sakandare, da shaidar koyon koyarwa, da kuma shaidar ƙwarewa a harshen a mataki na biyar cikin shida, wanda ya yi daidai da matakin C1 a ma'aunin ƙwarewar harshe na Turai. A IELTS wannan yana nufin maki 7 zuwa sama. Digirinka na Turanci zai taimake ka ƙwarai, amma duk da haka ka zauna jarrabawar tun kana gida. Ita ce ke rufe bakin mai ɗaukar aiki, kuma in ka bari sai ka isa can za ka yi ta cikin gaggawa da kuɗin da ka tanada don abinci.

Digirin kansa sai an tantance shi a Abuja: ma'aikatar ilimi ta tarayya, ma'aikatar harkokin waje, sannan ofishin jakadancin Biyetnam. Haka takardar shaidar kyawun hali daga 'yan sanda, wadda ba a so ta wuce wata shida da fitowa, don haka kada ka yi saurin karɓo ta. In ka isa za a fassara su zuwa yarensu, a yi maka gwajin lafiya a asibitin da hukuma ta amince da shi, sannan kamfani ya nema maka takardar izinin aiki, wadda wa'adinta ba ya wuce shekara biyu. Kai ba ka iya nemar wa kanka. Mai ɗaukar aiki ne ke nema. Ƙa'idojin sun sha sauyawa, an yi doka a 2020, an yi mata kwaskwarima a 2023, an sake wata a 2025, saboda haka ka sa su turo maka jerin abin da ake buƙata a rubuce.

Ga tarkon da ya fi kama mutane. Tun watan Agustan 2023 Biyetnam ke bai wa 'yan kowace ƙasa damar neman biza ta intanet mai kwana 90. Sai wani ya ce maka ka shigo da ita kawai, ka fara aiki, ai kai mai koyon aiki ne ba ma'aikaci ba, za a gyara daga baya. Gaskiya ne dokarsu ta sassauta wa ɗalibin da har yanzu yake karatu a wata makarantar waje kuma aka yi yarjejeniyar ya zo horo, amma shi ma sai an karɓo masa takardar shaidar hakan. Kai ka gama karatu, kuma za a riƙa ba ka kuɗi duk wata. In aka kama ka kana koyarwa babu izini, tarar dong (kuɗin ƙasar) miliyan 15 zuwa 25 ce tare da kora daga ƙasar. Tun kafin a kai ga haka ma, wanda ba shi da takarda ba shi da bakin magana ranar da aka riƙe masa albashi. Kuma kada ka bar fasfonka ya kwana a hannun kowa sai da rasit da ranar dawowa. In kuwa aka fara ce maka za ka sauka a Biyetnam amma aikin yana ƙetaren iyaka a Kambodiya, ka yanke hulɗa nan take; ta irin wannan hanyar aka kwashi 'yan Afirka da dama zuwa gidajen damfarar intanet da ba a fita cikin sauƙi.

Mu shiga aji, wanda shi ne ainihin rayuwar.

Da ganga ake shiga, da ganga ake fita. Akwai babbar ganga a farfajiyar kusan kowace makarantar gwamnati. Ranar Litinin da safe ana taron gaisuwar tuta. Yara cikin fararen riguna, da yawansu da jan ƙyalle ɗaure a wuya. Kana shiga monita zai daka tsawa, duk su miƙe su gaishe ka da murya ɗaya, ba za su zauna ba sai ka ce. Malami namiji *thầy* ake ce masa, mace *cô*, kuma girman da ke cikin kalmomin nan ba na wasa ba ne. Kai dai yawanci *teacher* za su kira ka, su liƙa sunanka a baya. Darasin firamare minti 35 ne, na sakandare 45. Yara arba'in zuwa hamsin a aji ba abin mamaki ba ne a manyan birane. Allo da alli, fanka a sama, wani wurin da talabijin ko majigi, wani wurin babu. Ka sayi ƙaramar lasifikar nan da ake ratayawa a ƙugu mai makirfo a baki. Malaman ƙasar duk da ita suke aiki, wanda ya ƙi kuma muryarsa ba ta kai ƙarshen wata.

Yi lissafi da kanka: minti 35, yara 45. In ka ce kowa sai ya tashi ya amsa tambaya shi kaɗai, kowane yaro bai samu minti ɗaya ba, sauran 44 kuma suna can suna harkar gabansu. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani wurin sababbin malamai, tare da ɗan'uwansa, wato yawan surutu. Malami ya tsaya yana zuba bayani da Turanci mai tsawo ga yaran da kalmominsu ba su wuce ɗari ba, su kuma su yi masa zuru. Abin da ke aiki shi ne ka nuna maimakon ka faɗa. Ka kira yaro ɗaya mai ƙoƙari ku gwada a gaban aji, aji ya maimaita gaba ɗaya, sannan layi da layi, sannan bibbiyu, kai kana zagayawa kana saurare. Ka raba su rukuni-rukuni ka riƙa rubuta maki a gefen allo. Yaran Biyetnam suna da son gasa, kuma tsoron kada a rage wa rukuninsu maki ya fi duk wata tsawa da za ka yi tasiri. Duka kuwa ko da wasa kada ka fara, ko jan kunne. Iyaye suna da rukunin hira a manhajar Zalo, kafin ka isa gida labari ya riga ka, kuma baƙo ba ya samun dama ta biyu a irin wannan.

'Yan firamare za su haye ka da murna. 'Yan sakandare, musamman daga aji na takwas (in an ƙirgo tun daga aji ɗaya na firamare) zuwa sama, su ne za su gwada haƙurinka, ba da rashin kunya ba, da shiru. Ka yi tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Sun san amsar. Da yawansu a takarda sun fi ƙarfin abin da kake koya musu. Tsoron su yi kuskure a gaban abokai a yi musu dariya ne ke ɗaure musu harshe. Kada ka nuna mutum ɗaya da yatsa ba shiri. Ka bar su su fara tattaunawa da na kusa da su, ko su rubuta, sannan ka tambaya. Kuma in yaro ya yi kuskure ya yi murmushi ko dariya, ba raini ba ne, kunya ce.

A wajen furuci kana da wata dama da Baturen Landan ba shi da ita, in ka san amfani da ita. Yaren Biyetnam na karin sauti ne, shida gare su a lafazin arewa, kunnen Bahaushe kuma ya riga ya saba da cewa hawa da saukar murya na sauya ma'ana. Baƙaƙensu na *b* da *đ* ma kusan ɓ da ɗ ɗinmu ne, kuma da haruffan boko suke rubutu, don haka sunayen yara ba za su ba ka wuya kamar yadda suke bai wa wasu ba. Matsalarsu da Turanci kishiyar tamu ce. Mu in baƙaƙe suka cunkushe sai mu cusa wasali, shi ya sa muka samu burodi da sukurudireba. Su kuwa yankewa suke yi. Kalmominsu gaɓa ɗai-ɗai ne, ba sa ƙarewa da *s* ko *z* ko *f* ko *d*, kuma *t* da *k* da *p* na ƙarshe haɗiye su suke yi. Saboda haka *rice* da *right* da *ride* da *rise* duk za su iya fito maka a matsayin "rai". Aikatau a yarensu ba ya sauya siffa don nuna lokaci, suna kuma ba ya sauyawa don jam'i, sai ka ga *s* ɗin jam'i da *ed* na abin da ya wuce sun ɓace sau biyu: babu su a nahawun da ke kansu, babu su a bakinsu. In ka yi wata biyar ba ka cim ma komai ba sai sa yara su riƙa furta ƙarshen kalma, ka ci kuɗinka. Ni alamar hannu nake amfani da ita, in ja yatsa a iska duk sanda aka yar da *s*, har ya zama su da kansu suke yi wa juna. Kai ma ka duba naka bakin kafin ka tafi: *p* da *f*, *b* da *v*, da kuma *th*. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara. Yara za su kwaikwayi duk abin da ka furta, iyaye kuma suna sauraron yaran a gida.

Wani abu kan sunaye: na dangi ne ke zuwa farko, na yanka a ƙarshe, kuma da na ƙarshen ake kiran mutum. In ka kira Nguyen, sunan dangin da ya fi yawa a ƙasar, wajen kashi ɗaya cikin uku na ajin ne zai waiwayo.

A yawancin azuzuwa za a haɗa ka da mataimakiya 'yar ƙasa, ko malamar ajin ta zauna a baya. Ka riƙe ta da kyau, domin ita ce za ta sa ka ji daɗin aikin ko ka gudu. Ita ta san yaron da ba ya ji sosai, da wanda iyayensa suka rabu, da ranar da aka soke darasi ba wanda ya gaya maka (wannan zai faru, ba sau ɗaya ba). Ka sani kuma cewa malamar da ta shekara goma sha tana koyarwa, mai yiwuwa albashinta bai kai alawus ɗinka na ɗan koyo ba, kuma ta san da haka. Kada ka gyara mata Turanci a gaban yara. Kada ka kai ƙararta sama kafin ka yi magana da ita a gefe. In za ta tambaye ka shekarunka a haɗuwar farko kada ka ji wani iri. A yarensu ba a iya cewa "kai" ko "ni" sai an san wane ne babba, daga nan ake sanin ko yaya ne ko ƙane.

Da misalin ƙarfe sha ɗaya ake tashi cin abinci, a makarantun da yara ke wuni kuma sai a shimfiɗa tabarmi ko a haɗa tebura kowa ya yi barci har wajen ɗaya da rabi ko biyu. Malamai ma suna yi. Wannan tazarar ita ce za ta ba ka damar sallar Juma'a in makarantarka tana kusa, domin Juma'a ranar aiki ce. A Hanoi masallaci ɗaya ne, Al-Noor, a titin Hang Luoc cikin tsohon gari, wanda 'yan kasuwar Indiya suka gina a ƙarshen ƙarni na 19. Saigon ta fi sauƙi: akwai babban masallaci a titin Dong Du da aka gina a 1935, da wasu da dama, akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham, kuma kusa da kasuwar Ben Thanh akwai layin gidajen abincin halal da 'yan Malesiya ke cika. In addini ne ma'auninka na farko, ka roƙi a tura ka kudu. A garin lardi a arewa sallarka a ɗaki za ka riƙa yi.

Abinci sai ka sa ido. Alade yana cikin komai: a romo, a man suya, a cikin burodin nan nasu mai daɗi da ake shafa wa niƙaƙƙiyar hanta. Ko ka ce ban da nama, mai sayarwa za ta tsame yankan ta bar maka romon da zuciya ɗaya. Mafitar ita ce kalmar *chay*. Gidajen abinci masu wannan alamar na mabiya addinin Buddha ne, babu nama ko kaɗan, suna ko'ina, kuma da araha. Kifi da ƙwai da shinkafa da ganye suna da yawa a kasuwa in za ka dafa da kanka. Kwanon abinci a bakin titi yana kamawa daga dong 40,000 zuwa 60,000, dala ɗaya kuma ta haura dong 25,000. Giya ce ginshiƙin liyafar maza a can, za a matsa maka a walimar makaranta. Ka faɗa sau ɗaya cikin fara'a cewa addininka ya hana, ka ɗaga kofin shayi tare da su, za su ƙyale ka.

Batun launin fata ba zan ɓoye maka ba. Akwai tallar aikin da za ta rubuta ƙarara cewa Bature ake so, akwai cibiyar da za ta amsa maka da zumuɗi har sai ta ga hotonka. Iyaye da yawa sun ɗauka farar fata ita ce shaidar iya Turanci, cibiyoyi kuma abin da iyaye ke so suke sayarwa. Yara ƙanana za su taɓa hannunka, su shafa gashinka, wani ya fashe da kuka ranar farko. Na yaran son sani ne, mako biyu ya wuce. Na manyan kuwa yana shafar aljihu, don sau da yawa za a yi maka tayin da bai kai na wanda ka fi ƙwarewa ba. Abin da na gani da idona shi ne malamai 'yan Afirka da 'yan Filifin da suka iya aji, makarantu da kansu suke roƙon a dawo musu da su shekara mai zuwa. Sai dai kafin a kai nan ana shan ɗaci, kuma gara ka tafi da saninsa.

Siyasa da wa'azi ka bar su a waje da aji. Ƙasa ce mai jam'iyya ɗaya. Ko taswira za ka sauko da ita daga intanet don darasi, ka duba tekun da ke gabashinsu da kyau: in akwai ɗige-ɗigen layin nan da China ke zanawa don nuna ikonta a kan tsibiran da Biyetnam ke cewa nata ne, kada ka nuna ta. Sun hana finafinai sukutum saboda wannan layin.

Akwai ranakun da za su faranta maka. 20 ga Nuwamba ranar malamai ce, za ka koma gida da furanni da katunan da yara suka zana har ka rasa inda za ka sa. Bikin sabuwar shekararsu, Tet, yana faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu. Gari ya watse kowa ya tafi ƙauyensu, shaguna su rufe. In da awa ake biyan ka, wannan hutun babu ko kwabo, haka ma dogon hutun Yuni zuwa Agusta. Ka karanta kwantiragi ka ga ko alawus ɗin tsayayye ne ko na awa, wa ke biyan kuɗin izinin aiki, wa ke biyan kuɗin zirga-zirga tsakanin makarantu, da abin da za a cire maka in ka yi rashin lafiya. Girman suna ba garanti ba ne: Apax Leaders na cikin manyan cibiyoyin Turanci a ƙasar, da rassa birjik, amma ta durƙushe da bashin malamai da na iyaye a kanta, aka kama wanda ya kafa ta a watan Maris na 2024. Saboda haka ka tafi da abin da zai riƙe ka wata biyu da kuɗin tikitin dawowa wanda ba za ka taɓa ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma albashin farko ba ya zuwa sai ka yi wata guda da 'yan kwanaki kana aiki.

Titi kuwa, ka tuna Kano kafin a hana acaɓa, ka ninka. Da babur kowa ke yawo. Watannin farko ka hau na haya ta manhajar Grab, hular kwano dole ce, kuma kada ka karɓi babur ka tuƙa ba lasisin da suka yarda da shi, domin in aka yi haɗari inshora ba za ta kalle ka ba. Hanoi tana da sanyi mai ratsa ƙashi daga Disamba zuwa Fabrairu, da danshi, gidaje kuma babu abin ɗumama ɗaki. In ya sauka ƙasa da digiri 10 ana ba 'yan firamare hutu. A lokacin ne kuma iskar birnin ke ƙazancewa, mai asma ya yi tunani. Saigon zafi ne shekara duka, da ruwan sama daga Mayu zuwa Nuwamba. Suna gaban Najeriya da awa shida, don haka in ka tashi aiki gida ana tsakar rana, hira da iyali ba za ta yi wuya ba.

To ka je ko ka haƙura? Kai ba sabon shiga ba ne, kana da digiri a fannin kuma ka riga ka tsaya gaban aji. Da ni ne kai, kuɗin da zan bai wa shirin zan kwatanta shi da kuɗin IELTS da na kwas ɗin koyar da Turanci na CELTA, wanda Cambridge ke bayarwa, ana yin sa cikin kamar mako huɗu, da koyarwa ta gaske a gaban masu dubawa, kuma ana yin sa a Hanoi da Saigon. Mai waɗannan biyun yana iya neman cikakken aiki kai tsaye. Shirin ya fi dacewa da wanda bai taɓa fita waje ba kuma yana son a tarbe shi a filin jirgi, a nuna masa ɗaki, a haɗa shi da abokan tafiya, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne. In ka zaɓi shirin, ka ce su haɗa ka da ɗan Najeriya ko wani ɗan Afirka da ya yi shi a bara, ku yi magana ta bidiyo, ka tambaye shi ko an yi masa takardar izinin aiki da kuma watan da ta fito. In suka fara kame-kame, kada ka tura kuɗin.